Jarumin da Mai Shi Bai Zo Ba: Wa Zai Riƙe Shi?

Duk wanda ya taɓa jan labari a wasan jarumai ya san irin wannan daren. Makon jiya an tsaya daidai inda gada ke tsagewa, motar fasinja tana bisa, jarumi Giwan Ruwa yana ƙarƙashi ya tallafe gadar da kafaɗa. Yau an hallara a zaure bayan isha'i, an shimfiɗa tabarma, an fito da dayis, wato abin jefawar nan irin na ludo, sai ga saƙo: ɗan wasan da ke riƙe da Giwan Ruwa yana fadama, injin ban-ruwa ya ƙi tashi, kuma shinkafa ba ta san wasa ba. Mutum huɗu sun zuba maka ido. Gadar kuma tana nan tana tsagewa.

Ni nake jan labari ga 'yan zaurenmu a Birnin Kebbi. Wani ƙanena da ke jan nasa a Gusau ta Telegram ya sha tambayata yadda zai yi da jaruman da masu su suka yi layar zana. Abin da na gaya masa ne na baje a nan, don kai ma da kake cikin wannan ruɗani.

Ga wanda bai san wasan ba: tamkar tatsuniya ce, sai dai masu sauraro ba sa cewa "ta zo mu ji ta" su yi shiru. Kowa yana riƙe da tauraro guda, yana faɗin abin da tauraronsa zai yi, mai jan labari yana riƙe da sauran duniya, dayis kuma yana raba gardama. Ba a sa kuɗi, don haka ba caca ba ce. A Amurka aka fara buga irinsa da Dungeons & Dragons a 1974, na jarumai masu baiwa suka biyo baya: Villains and Vigilantes a 1979, Champions a 1981, Marvel Super Heroes a 1984, Mutants & Masterminds a 2002. Mu dai jarumanmu na gida ne, daga 'yan tauri da masu baduhu da masunta muka ƙera su.

Marayu iri uku

A zaurenmu, jarumin da babu mai riƙe da shi "maraya" muke ce masa. Yawancin rigimar da na gani ta taso ne daga zuba marayu duka a kwando ɗaya, alhali ba ɗaya suke ba.

Akwai marayan dare ɗaya, kamar Giwan Ruwa: mai shi zai dawo mako mai zuwa. Akwai wanda mai shi ya yi nisa, ba a san ranar dawowarsa ba. An tura shi bautar ƙasa, ko ya yi aure, ko makaranta ta rufe ya koma ƙauye. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, kuma duk ƙungiyar da ɗalibai suka kafa ta ji a jikinta. Sai na uku, wanda tun asali ba shi da mai shi: babban gwarzon gari, dattijon da ya horar da yaran, ɗan jarida, ƙanwar jarumi, mugu.

Kafin ka zaɓi hanya, fara sanin wane maraya ne a hannunka.

Abin da za mu auna da shi

Tsada. Babu ɗaya cikin hanyoyi biyar da zan kawo da ke buƙatar ka sayi wani abu da ya wuce littafin rubutu da biro. Tsadar tana cikin lokacin shiri, da data in a waya kuke wasa, da kuma hankalin mai jan labari, wanda shi ne ke fara ƙarewa.

Ƙarko. Hanyar za ta riƙe dare ɗaya ne kawai, ko za ta kai wata uku ba ta sukurkuce ba?

Sauƙi. Za a iya ɗaukarta nan take, mutane na zaune suna jira?

Haɗari. Wannan fuska biyu gare shi. Ta farko ɓacin rai: mutum ya dawo ya tarar an taɓa abinsa. Ta biyu ta wasan jarumai ce kaɗai, wato inuwa. Maraya mai ƙarfi yana iya rufe masu wasa gaba ɗaya. Wani yaro ya taɓa jefo mini tambayar a tsakiyar faɗa: "Yaya, in wanga gwarzo na gari, mu mi muka zo yi?" Tambaya ce mai kyau, kuma duk hanyar da ba ta amsa ta ba, ba ta gama aiki ba.

Ta farko: mai jan labari ya riƙe shi da kansa

Ita ce hannu ke fara kaiwa gare ta, domin ba ta son shiri ko kaɗan. Ita ce kuma na fi jan kunne a kanta.

Dubi nauyin da ke kanka tun kafin maraya ya zo: mugu, yaransa, jama'ar gari, motar da ke bisa gada, da lissafin wa ya yi magana wa bai yi ba. A Mutants & Masterminds, jarumin da aka saba farawa da shi yana mataki na 10 ne, an gina shi da maki 150 da aka rarraba a kan baiwa iri-iri. Mai shi ya haddace takardar da aka rubuta baiwarsa a ciki, kai ba ka haddace ba, don haka duk zagayen da ya zo kansa sai wasa ya tsaya kana karatu. A Masks, wanda ake wasan matasan jarumai da shi, abin ya ma fi haka: mai jan labari ba ya jefa dayis ko kaɗan. Ke nan ba ka da hanyar tafiyar da jarumin ɗan wasa bisa ƙa'idarsa, sai dai ka mayar da shi kamar sauran mutanen gari na wannan daren.

Babbar matsalar kuwa ita ce ka san sirri. Kai ka haƙa ramin. In maraya ya kauce masa, masu wasa za su gane akwai rami. In ya faɗa, mai shi zai ce da gangan ka jefa shi. In kuma ya kama faɗa da mugu, ka zama kai ke kiɗanka kai ke rawarka, mutum huɗu suna danna waya.

Ni na taɓa yin wadda ta fi wannan muni. Wani ɗan wasanmu ya yi wata biyu yana gina gaba tsakanin jaruminsa, Baduhu, da yayansa a cikin labari. Ranar da bai zo ba, fage ya yi daɗi, na sa Baduhu ya nemi gafara suka rungumi juna. Kowa ya yaba. Da mai shi ya dawo ya ji, sai ya ajiye takardar a gabana ya ce, "Yaya, wanga ba Baduhuna na ba. Wa ya ce ka shirya su?" Sai da muka mayar da fagen mafarki kafin ya sake ɗaukar dayis, kuma yana da gaskiya.

In dole ta sa ka ɗauki wannan hanya, ka ɗaure hannunka. Maraya ba ya yanke wa ƙungiya shawara, ba shi ke kai naushin ƙarshe ba, ba ya mutuwa, ba ya kuma faɗin abin da ke zuciyarsa. Ya kwashe yara daga gini, ya tare ƙofa, ya yi shiru. A haka tana riƙe dare ɗaya ko biyu.

Ta biyu: riƙon ƙwarya

A nan wani ɗan wasa ne ke haɗa jarumi biyu, nasa da na wanda bai zo ba. Nauyi ya sauka daga kanka, kuma mai riƙon bai san inda ramin yake ba, don haka wancan zargi ya kau.

Tsadarta rabin shafi ce. Mu muna kiranta takardar amana: kowane ɗan wasa yana rubuta abu uku da jaruminsa ke yi kullum, abu uku da ba zai taɓa yi ba, kalmar da ya saba faɗa, da sunan wanda ya yarda ya riƙe masa. Na ƙarshen nan shi ne ginshiƙi. Mai abu ne ke zaɓar mai riƙo, ba mai jan labari ba.

A fagen faɗa hanyar tana tafiya sumul. A fagen magana ne take ɗingishi, domin mutum ɗaya zai yi ta hira da kansa da murya biyu, dariya ta ɓata fagen. Haɗarinta kuma sananne ne: mai riƙo yakan mayar da maraya garkuwa, ya tura shi gaba ya sha dukan da nasa ya kamata ya sha, ko ya ƙarar masa da makin da ya daɗe yana tarawa. Ku yanke tun farko cewa ba a taɓa makin ajiya, kuma raunin da aka ji a riƙon ƙwarya yana warkewa kafin mai shi ya dawo. Bayan zama uku dai zanen aro ya fara nuna katara: maraya ya koma yana magana da bakin mai riƙo.

Ta uku: a janye shi daga fage

Wannan ce tawa, kuma ba zan ɓoye ba. Babu labarin da ya kai na jarumai sauƙin janye mutum. Jarumi yana da rayuwa biyu, ta rufe fuska da ta gida, kuma ta gida tana iya kiransa kowane lokaci: jarabawa, jinyar uwa, maigida ya hana fita. A littattafan zane na ƙungiyar jarumai ta Justice League akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta barin mutum ɗaya a hedikwata yana gadin na'urorin sa ido, sauran su fita. Ka aro ta. Ko ka ce wani bala'i ya taso a Yawuri, an raba ƙungiya.

Daren gada ma da ita na fita. Ban ɗauke Giwan Ruwa daga ƙarƙashi ba, na bar shi yana tallafe. Na jera tsakuwa shida a tsakiyar tabarma na ce wannan ne ƙarfin da ya rage masa, kowane zagaye zan ɗauke ɗaya. Bai yi magana ba, bai yanke shawara ba, amma shi ne agogon daren, kuma duk ceton da aka yi masu wasa ne suka yi. Da mai shi ya dawo, na ba shi minti biyar ya faɗi abin da ya gani a ƙarƙashin ruwa, ya ƙirƙiro abin da ya ciyar da mu gaba zama uku.

Ƙarkonta ya dogara ga girman uzurin. Uzurin dare ɗaya ba ya rufe wata uku: ba mai yarda jarumi yana jarabawa tun kaka har bazara. In mai shi ya yi nisa, ba shi uzuri mai nisa, kamar tafiya neman ilmi wurin wani dattijo, ko baiwarsa ta dushe yana neman magani.

Akwai uzuri guda da nake roƙon ka bari, ko da shi ne mafi sauƙi: a ce an sace jarumin. A wasu wurare wannan dabarar labari ce kawai. A Zamfara da sassan Kebbi, da wuya ka tara mutum biyar a zaure babu wanda abin ya taɓa gidansu ko na maƙwabcinsu. Mutane sun zo su huta ne. Ga shi kuma uzurin yana mayar da jarumin mutum rago a bayan idonsa.

Ka kuma tuna ka rage nauyin faɗa. In wanda ya tafi shi ne kaɗai mai tashi sama, kada ka bar mugu a bisa hasumiya. Masu zama da mutane marasa tabbas za su amfana da salon da ake kira West Marches, wanda wani mai tsara wasanni, Ben Robbins, ya bayyana a 2007: kowane zama ya fara a gida ya ƙare a gida, wanda ya samu zuwa shi ke fita. Da haka ba a barin kowa ƙarƙashin gada tun farko. Abin da ake rasawa shi ne daɗin tsayawa a inda zuciya ke bugawa, kuma ni na kasa haƙura da shi.

Ta huɗu: gayya

Wannan ta marayu kashi na uku ce, waɗanda ba su taɓa samun mai su ba. Ana rubuta kowanne a ƙaramin kati, a zuba a tsakiya. Duk ɗan wasan da jaruminsa ba ya cikin fage sai ya ɗauki kati ya zama ɗan jarida, ko uwar jarumi, ko ɗan kabu-kabun da ya ga abin da ya faru. Wasan Ars Magica na 1987 ne ya shahara da wannan tsari, inda masu wasa ke karɓa-karɓar barorin matsafa.

Shirinta ya fi na kowace yawa, domin sai an rubuta katunan, kuma duk wanda ya riƙe kati sai ya ƙara layi ɗaya a bayansa na abin da ya faru. In an yi sakaci da layin nan, ɗan jaridar da ya kasance matsoraci ran Juma'a zai wayi gari jarumi. In an kiyaye, babu hanyar da ta kai ta ƙarko, kuma babu mai zaman jira. Mugu da duk mai ɗauke da sirrin labari ba sa shiga gayya, suna hannunka.

Babban gwarzon gari fa, mai inuwar nan? Kada ka bar zuwansa a hannun kowa, har kai. Ku jefa dayis biyu na ludo, a ma'aunin da Masks ke amfani da shi. In jimla ta kai 10 zuwa sama, ya zo. In ta faɗa tsakanin 7 da 9, ya zo a makare ko ya zo da sharaɗi. In 6 ce ko ƙasa, yana wani wuri. Cikin faɗuwa 36 da dayis biyu ke iya yi, 6 ne kawai ke kai 10, wato sau ɗaya cikin shida, sauran 30 sun rabu 15 da 15. Yara za su daina dogara gare shi, kuma ba mai cewa kai ka hana shi zuwa. Masu Telegram ba sa ma buƙatar ludo: alamar dayis da ke cikin manhajar tana faɗuwa da kanta a gaban kowa.

Ta biyar: gado

Idan ta tabbata mai shi ba zai dawo ba, sai a ba sabon ɗan wasa. Gado iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Ko sabo ya gaji mutumin da kansa, da tarihinsa da gabarsa da soyayyarsa, ko ya gaji riga da suna kawai.

Na farko wahala ce. Sabon zai yi ta jin "ai ba haka yake yi ba". Na biyu shi ne abin da littattafan zane suka daɗe suna yi: Wali West ya ɗauki sunan Filash bayan mutuwar Bari Alen a tsakiyar shekarun 1980, Mayils Morales ya sa rigar Sifaidaman a 2011, Sam Wilson ya karɓi garkuwar Kyaftin Amurka a 2014. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sarautar Sarkin Ruwa tana nan, mai riƙe da ita ne ke sauyawa. Kuma gadon riga yana barin ƙofa a buɗe. Bari Alen ya dawo a 2008, aka ci gaba da Filash fiye da ɗaya. In tsohon ɗan wasanka ya dawo, mutuminsa yana nan ba a taɓa shi ba, har ma an samu sabon labari tsakanin mai riga na da da na yanzu.

Kisa kuwa ban lissafa shi cikin hanyoyi ba. Sufaman ya mutu a 1992 ya dawo a 1993, amma marubutansa ba a zaure ɗaya suke shan shayi da mai shi ba. In ba mai jarumi ne ya nema da bakinsa ba, a bar shi da ransa.

| Hanya | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Mai jan labari | Ba shiri, amma tana cin hankali | Zama ɗaya ko biyu | Nan take | Babba: zargi da inuwa |
| Riƙon ƙwarya | Rabin shafi kowane jarumi | Har zama uku | Da sauƙi in akwai takarda | Matsakaici: garkuwa |
| Janyewa | Kusan babu | Gwargwadon uzuri | Nan take | Ƙarami |
| Gayya | Katuna da rubutu kullum | Mafi tsawo | Sai an saba | Hali ya riƙa sauyawa |
| Gado | Neman izini da koyar da sabo | Na dindindin | Da wuya | Babba in an gaji mutum, ƙarami in riga ce |

Wace ce taka?

In dare ɗaya ne kuma labari bai maƙale a kansa ba, janye shi, kada ka wahalar da kanka. In an tsaya a tsakiyar faɗa kuma babu yadda za a cire shi, duba ko za ka iya mayar da shi agogo kamar Giwan Ruwa. In ba zai yiwu ba, riƙon ƙwarya, ga wanda mai shi ya ambata. Ka riƙe da kanka ne kawai in ku uku ne a zaure kuma babu hannun da ya rage.

In ƙungiyarku ta ɗalibai ce da hutu ke watsawa, ko manoma da damina ke ɗauke wa, ku gina labarin a kan zama mai ƙarewa a gida, ku haɗa da gayya don waɗanda suka zo su cika fage. In kuna da garin da ya cika da manyan jarumai, gayya da dayis biyu.

Ƙanena na Gusau nasa ya bambanta, domin mutanensa sun haura goma kuma ba sa ganin juna. Na ce ya kafa wa'adi a rubuce a saman zaurensu na Telegram: wanda ya yi shiru zama uku a jere za a janye jaruminsa, a aika masa saƙo, in wata guda ya wuce babu amsa a ba wani rigar, mutumin kuma a ajiye masa. Na ƙara masa sharaɗi ɗaya da shi ya fi ni sanin dalilinsa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin Zamfara, mutane suka yi makonni ba sa iya aika ko gaisuwa. In shirun mutum na rashin layi ne a garinsu, kwanakin ba sa shiga lissafin wa'adi, sai ranar da layi ya dawo a fara ƙirga.